Baba Mai Layi da Yaransa: Yadda Suka Shata Mana Filayen Wasa, da Abin da Na Gani Bayan Wata Goma

Shekara 14 ke nan ina koyar da wasanni da motsa jiki a wata makarantar kwana da ke bayan garin Zariya, kuma duk tsawon shekarun nan da toka muke shata filin ƙwallonmu. Ana gobe wasa sai in tura yara kicin su kwaso toka a bokiti, mu ja igiya, mu bi ta muna barbaɗawa da hannu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙafafu sun share rabi, iska ta kwashe saura. Bara, a wasan ƙarshe na gasar gidajen ɗalibai, abin ya ja mana rigima. Ƙwallo ta gangara bakin layin gefe, wani yaro ya tsamo ta ya bugo cikin sha takwas, aka jefa ta a raga, 'yan ɗaya gidan suka ce ai tuni ta fita. Ni ne alƙalin wasa, kuma babu layin da zan nuna wa kowa, sai wata ƙasa toka-toka da faɗinta ya kai taku guda. Na ba da ci. Har yau akwai ɗaliban da ke ganin na zalunce su, abin kuma yana damuna, don ba ni da hujjar da zan kare hukuncina da ita.

Shi ya sa da ƙungiyar iyaye da malamai ta yi mana daɓen siminti don ƙwallon kwando da ƙwallon raga, na dage a kawo wanda ya san aikin layi, kuma a haɗa masa da filin ƙwallon ƙafa. Mutum biyu aka kawo. Na farko mai fentin gidaje ne na unguwa. Na biyun wani dattijo ne da ya daɗe yana aikin kula da filin wasa kafin ya yi ritaya, yanzu yana yawo da yara uku da kayan aikinsa a bayan a-kori-kura. Kuɗin da ya nema ya kusa ninka na mai fentin sau biyu, har ma'ajin makaranta ya ce shi bai ga abin da ke cikin ja layi ba da za a biya haka. Mu dai Baba mai layi muke ce masa, kuma aikinsa nake son in yi wa jama'a bayani, mai kyau da marar kyau, ga duk makaranta ko ƙungiyar unguwa da ke tunanin ɗaukar irinsa.

Ranar da ya zo duba wuri, a farkon Nuwamba, bai sauke ko gwangwani ɗaya ba. Ya zagaya daɓen da tef ɗinsa, ya auna tsawo ya samu mita 30, faɗi mita 17, sannan ya tsuguna ya zana ɗan gajeren layi da alli, mai kauri, ya kira ni.

“Malam, zo ka gani. Layi baki biyu gare shi, na ciki da na waje. Kowane wasa da bakin da yake aunawa. In aka kuskure bakin, an kuskure filin.”

Na san wannan a littafi, amma ban taɓa jin mai aikin hannu ya faɗe shi ba, kuma a nan na yanke shawarar shi za a ba. Filin ƙwallon kwando a dokar FIBA, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya, mita 28 ne da mita 15, ana kuma aunawa daga bakin layi na ciki, domin layin iyaka ba ya cikin fili. Ƙwallo ta taɓa shi ta fita, mai riƙe da ƙwallo ya taka shi ko da da ɗan yatsan ƙafa, ta fita. Filin ƙwallon raga kuwa mita 18 ne da mita 9, amma layukansa a cikin awon ake zana su, saboda haka ƙwallon da ta sauka ta shafi layi ko yaya, ta shiga. Dukansu kaurin layinsu santimita 5 ne. Ga daɓe ɗaya, ga layi biyu masu kauri ɗaya, amma ɗaya taɓa shi fita ne, ɗaya taɓa shi shiga. Mai fentin gidaje zai ja igiya a kan awo ya shafa fenti rabi nan rabi can, a ce an gama. Baba kuwa, a na kwando ya sa yaransa su liƙa tef na takarda ta yadda fentin zai zauna a bayan igiya, a na raga ya sa fentin ya zauna a cikinta. Na kwando ya yi shi fari, na raga rawaya, kuma bambancin launin ya sauƙaƙa min koyarwa fiye da yadda na zata. Yanzu in na tambayi 'yan aji ɗaya, baki ɗaya suke amsawa: fari waje, rawaya ciki.

Tun a ranar farkon nan ya faɗa mana abin da ba mu so ji ba. In aka zana filin kwando da layukansa, ya ci mita 28.10 da 15.10, abin da ya rage a kowane gefe na daɓen santimita 95 ne kacal, alhali doka na son a bar aƙalla mita 2 babu wani abin da ɗan wasa zai yi karo da shi. Ta gefen gabas kuwa, daɓen na ƙarewa sai kwata. Ya tsaya gaban shugaban makaranta ya ce, “Ranka ya daɗe, zan zana, amma a rufe kwatar nan kafin yara su fara wasa. Mai ƙwallon kwando tsalle yake yi ya bi ƙwallo waje, ba ya duba inda zai dira.” Gaskiya ya faɗa, kuma dokar wasan ce ta jawo haka: a kwando ƙwallon da ke sama ba ta fita ba ko da ta haye layi, sai ta taɓa ƙasa ko wani abu a waje, saboda haka yaro zai iya tashi daga cikin fili ya cafko ta a iska ya maido ta kafin ƙafarsa ta sauka. An rufe kwatar da sulab, an cike gefen da ƙasa. Filin raga bai ba mu wannan matsala ba, don ya samu sararin mita 4 a gefe da mita 6 a baya, doka kuma mita 3 take nema.

Yanzu ga inda ya yi kuskure, kuma ba ƙarami ba ne. Kwana na biyu na fito daga aji na tarar sun gama zanen alli na filin kwando, suna shirin liƙa tef. Da na duba sai na ga layin maki uku ya matso kusa da kwando, ɗakin da ke ƙarƙashin kwandon kuma ya buɗe ta ƙasa ya tsuke ta sama. Na tambaye shi awon, ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihu, duk ta sha ninki, ya nuna min mita 6.25. Wannan tsohon awo ne. Tun 2010 FIBA ta mayar da layin maki uku mita 6.75, ta kuma mayar da ɗakin nan mai kusurwa huɗu a miƙe, faɗinsa mita 4.90. Na ce, “Baba, wannan takarda ta tsufa, an canza.” Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya sa babban yaronsa ya duba a waya, yaron ya tabbatar, sai ya ce a kawo ruwa da tsumma. Rabin yini ya tafi a sake awo. Na yaba da yadda ya karɓi gyara, dattijo da ya haife ni, a gaban yaransa. Amma dole in faɗa: da ina da darasi biyu a jere a ranar, da an shafa fenti a kan awon da aka bari shekara goma sha wani abu, kuma da ɗalibanmu sun saba jifa daga inda in sun je gasar jiha maki biyu kawai za a ba su. Duk wanda zai ɗauke shi ya riƙe awon yanzu a hannunsa, kada ya dogara da takardar aljihun.

Wani zai ce rabin mita ko santimita 5 me za su hana. Masu bin gasar NBA ta Amurka sun tuna 2021, wasa na bakwai, na raba gardama a jerin wasannin fitar da gwani, tsakanin Brooklyn Nets da Milwaukee Bucks. Saura daƙiƙa kaɗan a tashi Kevin Durant ya yi jifa ta shiga, kowa ya ɗauka maki uku ne wasa ya ƙare, ashe kan takalminsa na bisa layi. Aka ba shi maki biyu, aka yi kunnen doki, aka ƙara lokaci, Bucks suka ci, suka kuma wuce har suka ɗauki kofin shekarar. Nisan layinsu ya fi na FIBA, amma hukuncin ɗaya ne: wanda ya taka layin maki uku lokacin jifa, biyu ya ci.

Filin badminton a zauren taro ya zana mana shi, don ya ce a waje iska ba za ta bar ƙwallon gashin ta tafi daidai ba. Mita 13.40 da 6.10 na 'yan biyu-biyu, faɗin ya koma 5.18 in ɗaya da ɗaya ne, kaurin layi santimita 4, kuma layin na cikin fili. Yini ɗaya ya ɗauke su, ban ga aibu ba.

Inda aikinsa ya fi burge ni shi ne filin ƙwallon ƙafa. Ya fara da layin raga na yamma, ya kafa ƙusa a kusurwa, sannan ya fito da wata igiya mai ƙulle-ƙulle. Ya ja mita 6 ta kan layin raga, mita 8 ta inda layin gefe zai bi, ya ce tsakanin ƙarshensu dole ya zama mita 10 cif, in ba haka ba kusurwar ta karkace. Yaro ɗaya na riƙe da ƙulli a nan, ɗaya a can, shi yana tsaye yana cewa “matsa, matsa kaɗan, tsaya.” Da aka miƙa igiyar har ɗaya ƙarshen filin, sai ga tsohuwar kusurwarmu ta arewa maso gabas ta kauce da kusan mita 2. Shekara da shekaru muna wasa a fili karkatacce ba mu sani ba. Ya fitar mana da mita 100 da 64, wanda ya yi daidai da mafi ƙanƙantar awon da aka yarda da shi a wasannin ƙasa da ƙasa. Na gida kuwa doka ta ba da dama daga mita 90 zuwa 120 a tsawo, 45 zuwa 90 a faɗi. Da ya gama ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta tsakiya, hagu da dama, ya ga sun zo ɗaya, sannan ya yarda.

Kafin ya saita faɗin layi sai da ya je ya auna kaurin turakun ragarmu. Bututun ƙarfe ne, santimita 10. Ya ce to layukan filin duka santimita 10 za su zama, domin doka ta ce kada layi ya wuce santimita 12, duka su zama kauri ɗaya, layin raga kuma ya yi daidai da kaurin turaku. Dalilin a fili yake: ci ba ya tabbata sai ƙwallo ta haye layin raga gaba ɗayanta, to in turke ya fi layi kauri ko layi ya fi turke, mataimakin alƙali da ke hange daga gefe bai san da wanne zai yi hukunci ba. Turkenmu na dama ma ya tarar ya ja baya da layin kamar faɗin tafin hannu, sai da aka tone shi aka daidaita, aka tabbatar tsakanin turakun mita 7.32 ne. Daga cikin kowane turke ya auna mita 16.5 ya fitar da sha takwas, mita 5.5 ya fitar da ƙaramin ɗakin gola, ɗigon fenareti mita 11 daga tsakiyar ɗigon zuwa bakin layin raga na baya, da'irar tsakiya mita 9.15, bakan kwana mita 1. A nan ma batun baki ya dawo: a ƙwallon ƙafa kowane layi na cikin yankin da ya kewaye, saboda haka daga bakin waje ake awo. Mai tsaron baya da ya kayar da ɗan wasa a kan layin sha takwas, fenareti ya jawo, ba bugun tazara ba. Na sha faɗa wa yara haka, amma sai da suka ga layi tsaf a ƙasa suka daina gardama.

Abin shata layin wani akwati ne mai taya kamar ƙaramin baro, ana zuba masa farar ƙasa da aka dama da ruwa, yana tafiya yana shimfiɗa ta a gefen igiya. Ya gargaɗe ni kada mu taɓa amfani da farar hodar nan ta magina mai zafi, don tana cin fata, kuma in ta shiga idon yaron da ya faɗi a kai akwai matsala. Ya kuma ce mu cire guntayen sandunan da muke kafawa a kwana. Tutar kwana ba ta gaza mita 1.5 ba, kuma kanta ba mai tsini ba, saboda wanda zai faɗo a kai.

Da yamma, layi ya bushe, na tara 'yan ƙungiyar makaranta a bakin layin gefe, Baba na zaune kan bokiti yana kallo. Na ajiye ƙwallo a bayan layin, gindinta na kan jar ƙasa, tsakaninsa da farin layi akwai kamar faɗin yatsu uku. Na ce ta fita ko tana ciki? Duka suka ce ta fita. Baba ya tashi ya ɗauko wani miƙaƙƙen katako, ya tsayar da shi a bakin layin na waje, sai ga katakon ya tokari cikin ƙwallon, ya kasa tsayawa a miƙe. Ya ce, “Ku zo ku leƙa ta sama.” Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa, kowa ya ga tumbin ƙwallon ya rufe gefen farin. Ƙwallon manya kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, faɗinta wajen 22, saboda haka inda ta taɓa ƙasa zai iya nisa da layi da kusan santimita 11 amma tumbinta na bisa layin, kuma muddin haka ne tana cikin wasa. Ba ƙasa ake dubawa ba, kamar bango ne ya tashi daga bakin layin zuwa sama, sai ƙwallo ta wuce shi dukanta, a ƙasa ko a iska. Inda ɗan wasa ya tsaya kuma ba ruwan doka da shi, yana iya kasancewa a waje ya taɓa ƙwallon da ke ciki, akasin kwando.

Wani yaro ya ce, “Malam, ashe ƙwallon Japan ke nan.” Ita ce kuwa. Ranar 1 ga Disamba 2022, a gasar cin kofin duniya a Ƙatar, Kaoru Mitoma ya tsamo ƙwallo a bakin layin raga ya bugo, Ao Tanaka ya ci, Japan ta doke Sifaniya 2 da 1, sakamakon ya fitar da Jamus. A gidan kallon da nake a daren nan kusan kowa rantsuwa yake ta fita, don hoton da aka fara nunawa daga gefe ya nuna koren ciyawa tsakanin ƙwallo da layi. Hoton sama ne ya nuna ɗan gefenta na bisa layin. Haka ma a Janairun 2019 John Stones na Manchester City ya kwashe ƙwallo daga bakin raga a wasansu da Liverpool, na'ura ta nuna milimita 11 suka rage ta haye. City ta ci 2 da 1, ta kuma ɗauki kofin Firimiya na kakar da tazarar maki ɗaya, 98 da 97. Mu ba mu da na'ura, ba mu da hoton sama. Abin da muke da shi kawai layi mai kaifin baki da idon yaron da ke riƙe da tuta, shi ya sa kaifin bakin nan ya zama komai a wurina.

Batun ƙarko kuwa, kashi biyu ne. Farar ƙasar filin ƙwallo mako uku ta yi hunturu ya cinye ta, shi kuma wata ɗaya ya ce min za ta yi. Amma ya bar mana abin da ya fi layin amfani. A kowace kusurwa, da inda layin tsakiya ya haɗu da na gefe, da kusurwoyin sha takwas, ya binne guntun bututun roba a ƙasa, ya nutsar da shi yadda ƙafa ba za ta same shi ba, ya rufe da ƙasa. Yanzu in za mu sabunta layi, tono bakin bututun kawai muke yi mu soka ƙusa mu ja igiya, babu sabon awo. Ni da yara shida muna gama filin kafin la'asar. Ya san wannan zai rage kiransa da za mu riƙa yi, bai kuma ɓoye mana ba, kuma a ganina wannan kaɗai ya biya bambancin kuɗin da ma'aji ya yi ƙorafi a kai.

Fentin daɓe ya sha damina guda. Sun wanke simintin, sun bar shi ya bushe kwana biyu, sun shafa sau biyu, kuma rawayan har yau kamar jiya aka yi. Farin kuwa ya ɓare wajen mita 2 ta gefen gabas, inda ruwa ke kwanciya kusa da kwata. Rabin laifin na magina ne da ba su ba daɓen gangare ba, amma shi ma ya ga wurin, ya kamata ya faɗa. Da na kira shi, sau uku yana ce min gobe, sai bayan mako biyu ya zo, kuma samunsa a waya aiki ne, sai dai ta lambar yaronsa. Ya gyara bai karɓi kuɗin aiki ba, mu muka sayi fenti. Ba ya ba da rasit, ba ya rubuta farashi a takarda, wannan ya sa ma'aji ya riƙe cikon kuɗinsa kwana goma, har ransa ya ɓaci. Da an rubuta komai tun farko da ba a kai nan ba. Yaransa kuma sun bar mana guntayen tef da gwangwanaye a bayan zaure, ɗalibai suka kwashe.

Makarantar 'yan mata da ke kusa da mu sun tambaye ni ko su ɗauke shi ya zana musu filin ƙwallon hannu, na ce su ɗauka, da sharaɗi uku: a rubuta farashi da ranar gamawa, malamar wasanninsu ta tsaya a wurin da awon yanzu a hannu har a gama zanen alli, kuma su roƙe shi ya binne musu bututun nan. Na kuma tuna mata cewa a ƙwallon hannu layin da ke tsakanin turakun raga santimita 8 ne, sauran 5, ta duba ko takardar aljihunsa ta san da haka. Mu kuma mun yi da shi zai dawo mako guda kafin gasar gidajen ɗalibai ta bana ya bi filin ƙwallon da akwatinsa, don layin da muke ja da hannu bai kai nasa kaifin baki ba, kuma ni ne zan sake busa wasan ƙarshe.